Abin da Ƙafa Ta Faɗa

Sun ɗauko ni daga Gangare a keke napep,
ni da sandata da gwiwar da ta ƙi ni,
suka aje min benci a bayan ajin firamare,
wai in duba sabuwar rawarsu kafin gasar Asabar.

Mamuda ya tsara ta. A waya ya gano:
tsalle bakwai, juyi uku, durƙuso,
sai a miƙe zumbur kamar an tsikare ka.
Tana da kyau, ban musa ba.

Ganga ta tashi. Na ƙi kallon fuska,
fuskar ɗan rawa ko ƙaya ya taka murmushi take.
Ƙafa na kalla.

Lantana mai suyar awara a Farin Gada,
duk rawarta a kafaɗa Allah ya aje ta.
An ce ta yi tsalle. Ta yi.
Ƙasa ta karɓe ta da ƙorafi.
Izang dogo ne, kafin ya gama durƙusawa
kiɗan ya je Bukur ya dawo.
Kyauta kuwa leɓenta na motsi, ɗaya, biyu, uku.
Mai ƙirga taku bashi yake biya.
Akayau goma sha biyu, kowanne da yarensa.

Mamuda ya matso, gumi har gemu: Baba, yaya?
Na ce a ba ni ruwa tukuna.

Sai hadarin Jos, da ba ya sallama,
ya gangaro daga duwatsun Shere.
Muka cusu a baranda.
Makaɗin, don kada fatar ganga ta saki,
ya riƙa taɓa ta da yatsu, ba da nufin komai ba.
Kafaɗar Lantana ta amsa, ita ba ta sani ba.
Izang ya ja ƙafa ɗaya kamar mai auna fili.
Leɓen Kyauta ya tsaya.

Na zunguri Mamuda da sanda. Ka gani?
Cire tsalle huɗu. Durƙuson ka bar wa gajeru.
Sa Lantana gaba, kada ka ce mata komai.

Ya ce alƙalan gasa tsalle suke so.
Na ce na sani.
A tsalle na bakwai na baro gwiwata
a filin Polo, shekara talatin da ɗaya ke nan.
An ba mu kofi. Yana nan,
jikata na tara maɓallai a ciki.

Bai ce to ba, bai ce a'a ba.
Ruwa ya tsagaita, suka koma fili, dugadugai duk taɓo.
Na jiyo shi yana ce wa makaɗin:
sassauta kaɗan mu gani.