Mai Ba Bebe Baki

A filin ƙwallon Herwagana, bayan lisha,
ake ɗaure farin ƙyalle tsakanin maina biyu.
Inji ya yi tari, ya yi tari, ya kama.
Sai ga dogon baturen nan mai kunnuwa kamar faifai,
wanda ya zo daga Amurka a naɗe cikin gwangwani,
leɓe na motsi, ba ko uffan.

Kakana Bappayo ke ara masa baki.
Yana tsaye gefen majigi, lasifika a hannu.
In bature ya rikito daga tsani
sai ka ji, "Wayyo ƙuguna, alhakin Iya Dudu ne, na ci mata bashi!"
Iya Dudu kuwa ga ta nan da farantin gyaɗa,
tana dariya har ɗankwali ya zame.
Ran Laraba da Hausa ya tsere wa ɗan sanda,
ran Juma'a da Fillanci ya je zance aka koro shi,
har yara suka rantse mutumin Kumo ne,
fari kawai ya yi.

Wata shekara aka kawo sabon gwangwani
da baƙin akwati mai igiya.
Bature ya buɗe baki, murya ta fito,
'yar siririya, ta hanci, kamar kukan ƙyauren langa-langa.
Ya daina faɗuwa.
Ya tsaya ƙiƙam tsakar ɗaki yana zuba Turanci,
wani mai taye na mayar masa.
Jama'a suka yi ta jiran wurin dariya
har gyaɗa ta ƙare.
Bappayo ya ɗaga lasifika,
direban majigi ya dafa shi: "Bari, Malam,
yanzu da kansa yake yi."

Ya koma gyaran fitilar ƙwai a bakin tasha.
Ban taɓa jin ya zagi baturen ba.
Cewa yake, "Shi ma tilas aka yi masa.
Dubi idonsa, tsani yake nema."

Shekaranjiya na samo irinsa a waya,
na kai masa kan tabarma.
Ya kusanto da fuska, don ido ya ja baya,
ya saurara kaɗan, ya yatsina.
"Kashe masa murya."
Na kashe.

Ya jingina da bango, ya yi gyaran murya,
ya fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya,
Iya Dudu, Sajan Garkuwa, Yero mai tsire,
duk mutanen da na sani a addu'a kawai.