Gwangwanin Tambayoyi

Jikata Maite ta hau tudu tana haki,
ta dire mini littafi mai shuɗin bango
da tsohon gwangwanin shayi cike da 'yan takardu a nannaɗe.
"Kaka, kullum ka zari ɗaya. Layi uku ma sun isa."
Na ce, ni Eleuterio, shekara talatin da huɗu
ina tuƙa keken ƙarfe mai hawa da mutane tudun Valparaíso,
iyakar rubutuna lambar tikiti.
Ta yi dariya ta gangara,
ta bar ni da farar takarda
tana kallona kamar mai bina bashi.

Litinin na zari ta farko:
Me kunnenka ya fara ji da ka farka?
Na rubuta: jiniyar jirgin ruwa.
Na zauna. Shayi ya huce.
Na ƙara: da karen maƙwabta.
Na rufe da kunya, sai ka ce ɗan aji ɗaya.

Talata: Abubuwa uku da hannunka ya taɓa yau.
Burodi. Makulli. Gwiwata mai ciwo.
Ba a tambayi na huɗu ba, alƙalami ne ya zarce:
ƙusar da Rosaura ke rataye rigar sanyinta.
Ashe kullum sai na shafa ta in zan fita,
ban sani ba sai da na gani a rubuce.

Laraba ban taɓa shi ba. Alhamis ma haka.
Gajimare ya sauko ya haɗiye tashar jirage,
na ce wannan aikin marasa aikin yi ne.
Littafin na kan tebur, bai ce uffan ba,
ba ya fushi, ba ya cigiya,
abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Juma'a: Wane ƙamshi ke mayar da kai gidan yarinta?
Kananzir, da jiƙaƙƙen ulu,
da kifin da innata ke soyawa, taga a buɗe,
iska na wasa da shanya a igiyar
da ta haɗa gidanmu da na su Nibaldo.
Nibaldo!
Shekara hamsin sunan nan bai bi ta bakina ba.
Shafi ya cika, na juya,
rubutun kamar sawun ƙaguwa a kan yashi.

Wasu tambayoyin shirme ne tsantsa.
In kai tsuntsu ne, ina za ka?
Na rubuta: ba ni da lokacin wasan yara.
Daga nan na yi shafi biyu
kan ɓarayin tsuntsayen da ke fizgar kifi a kasuwa.

Akwai wadda na mayar can ƙasan gwangwani:
Wace magana ce ka haɗiye?
Sau uku tana dawowa hannuna.
A na huɗu, ruwan Yuli na dukan kwano,
sanyi ya shiga ƙashi,
na rubuta: Rosaura,
daren da ƙasa ta girgiza, kwanuka suka zube,
da na ce miki ban ji tsoro ba, ƙarya na yi.
Don kaina na riƙe hannunki.
Na ɗiga aya. Na daɗe ban tashi ba.

Yanzu gwangwani ya ƙare.
Na yayyanka tsohuwar kalanda da almakashi,
ina rubuta nawa tambayoyin a bayan ranakun da suka wuce.
Jiya Maite ta zo, ta miƙa hannu ga littafin,
na ce a'a, wannan tsakanina da shi ne.
Na tura mata gwangwani.
Ta zara, ta warware, ta karanta a fili:
Me ya sa kullum kike hawa tudun nan da gudu?
Ta buɗe baki za ta amsa,
na ce riƙe abinki,
ga alƙalami.