Babban Yatsa

Rediyon Ilu mai shayi ya faɗi kuɗin da asuba:
biliyan kaza, an ware wa marasa ƙarfi a Ikko.
Na ajiye kofi ina ƙirga sifiri da yatsu,
yatsun suka ƙare, sifirin bai ƙare ba.

Ran Talata na kashe gawayin guga,
na bar rigunan mutane jiƙe a baho,
na hau mota daga Idi-Araba zuwa sakatariya.
Kwandasta ya karɓi dubu, bai waiwaye ni da canji ba.

Layi ya fito ƙofa, ya bi bakin kwata,
ya lanƙwashe a wurin mai gasa masara.
Iya Sikira ce a gabana, da sanda da baƙar leda,
cikin ledar takardun mijinta ne, marigayi,
shekara talatin yana sharar titi a Oshodi.
Ta faɗa da Yarabanci, na amsa mata da shi,
don a Agege aka binne cibiyata,
ko da yake fom ɗin bai tambayi cibiya ba.

Jihar asali ya tambaya.
Na faɗi garin da ubana ya baro,
garin da na taka sau biyu, duk biyun ta'aziyya,
inda suke ce mini ɗan Ikko, suna dariyar Hausata.
A nan kuwa Aboki ne sunana, ni Jatau.

Ya tambayi adireshi da takardar kuɗin wuta.
Mu shida ne a ɗaki, tabarma huɗu,
wutar aro ce daga shagon mai walda,
mai gidan kuma bai taɓa rubuta wa kowa rasit ba.

Sai bayan la'asar na isa teburin.
Yarinya ce, Morenike a rubuce a ƙirjinta,
ta ce, Baba, ɗora babban yatsa a gilashi.
Na ɗora. Jan haske.
Ta ce goga shi a goshi, maiƙo na taimakawa.
Na goga, na ɗora. Ja.
Ta kama hannuna ta juya,
kamar mai duba kifi a kasuwa,
ta ce, Baba, ai zanen ya goge.

Shekara ashirin da shida ta omo da soda da bilic.
Na fitar da jini daga rigar likita,
na fitar da manja daga babbar rigar ango,
ashe ina murza ina murzawa
kaina nake wankewa daga littafin gwamnati,
ban sani ba.

Ba ta yi mini tsawa ba, Allah ya sani.
Ta ce in huta da ruwa mako uku,
fata za ta tuna da zanenta, in dawo.
Na ce to.
Yaya zan ce mata mako uku ba wanki
mako uku ne tukunya ba ta hau murhu ba?
Sai mai abinci a ajiye ke iya jira
a tabbatar shi mayunwaci ne.

Bayan wata biyu wayar Iya Sikira ta yi ƙara,
kuɗi suka shigo, sau ɗaya, kamar baƙon damina.
Ta biya bashin magani, ta aiko mini da alale ƙulli biyu.
Na ci, na sa mata albarka, ban yi hassada ba.
Na ji an ce wani mai shago uku ya samu;
wannan kam na ɗan yi.

Daren jiya, da na gama sa wa fararen kaya shuɗi,
na tsoma babban yatsan, na danna a bango.
Na haska da tocila:
tabo ne sumul, kamar ƙaramin tafki,
ba hanyar shiga, ba ta fita.
Na daɗe ina kallo.
Sai na tuna rigar Dokta tana jira, kwalarta ba ta fita ba.