Tef Mai Launi Uku

Aikina auna damtsen yara
a ƙaramin asibitin Maiurno,
da tef mai launi uku:
kore, ruwan ɗorawa, ja.
Yau tun hantsi ja nake rubutawa.

Kuluwa ta shigo da autanta a goye,
ƙafafunsa sun tashi kamar ƙullin kisira da ya kwana.
Na danna da yatsa, gurbin ya ƙi cikowa.
Ta ce, "Tun shekaranjiya ruwan zoɓo kaɗai."
Na kasa ɗaga kai.

Firjin allura ya zama ma'ajiyar takardu.
Kwalin madara na ƙarshe,
da shi muka toshe tagar da ta fashe.
Ga Nilu can, cike har wuya.
Ga motocin dawa daga Gadarif
suna girgiza mana bango, ba sa tsayawa.

Mijinta Tanimu bai taɓa tsallake haraji ba.
Rasidai na nan cikin gwangwanin shayi:
na gona, na amalanke, na rumfar kasuwa,
kowanne da hatimin hukuma.
Hatimin nan ya san ƙofarsu ranar karɓa.
Yau wa ya ɓatar masa da hanya?

Ba sadaka muke roƙo ba, ranka ya daɗe.
Wanda ya karɓi sandar kiwo,
shi ake tambaya in garke ya kwana da yunwa.

Na cike takarda, na sa hannu,
na aika Sinnar, kamar ta watan jiya.
Sannan na buɗe jakata,
na raba gurasata biyu.
Kuluwa ta ce, "Ke fa?"
Na ce, "Mai bi mata ya shigo."