Baƙon Bakin Teku

Da asuba man kwakwa ya daskare a kwalba,
fari fat, kamar kitsen ragon Layya.
Inna Lantana ta ɗaga shi saitin fitila,
ta ce, "Har yau baƙon nan bai saba da Jos ba.
Ɗan bakin teku ne, sanyi kaɗan ya ƙudundune."
Ta tsoma kwalbar a ruwan ɗumi
tana lallashinsa kamar yaro mai ƙiwa.

Ni na san dalili, an zana mana a allo
can jami'a, titin Bauchi, ranar wata Talata:
sarƙa miƙaƙƙiya, ƙwayar kabon goma sha biyu,
babu lanƙwasa, babu gurbin da ya rage.
Lorik sunansa. Kusan rabin kwalbar nan shi ne.
Yana da wa mai goma sha huɗu,
da ƙanne biyu, mai takwas da mai goma,
gajeru masu gaggawa,
kafin a ba su tabarma sun isa hanta.
Da yake duk miƙaƙƙu ne, sanyi na taɓa su
sai su tsaya sahu, kafaɗa da kafaɗa.

Na faɗa wa Inna haka.
Ta ce, "To su yi sallama, ina da aiki."

Ta auna soda da gwangwanin madara,
ta kawar da fuska, ta zuba, ta kama muciya.
A wuyan hannunta akwai tabon shekarar da aka haife ni,
ranar da safar roba ta yage.
Ba ta taɓa jin sunan lorik ba,
amma ta san man gyaɗa ba ya ba ta wannan kumfa,
ta san na ja yana ba da tauri,
na kwakwa kuwa ko a ruwan rijiyar Gangare sai ya tashi.

Littafi ya ce kowace ƙwayar sabulu kai gare ta da wutsiya:
kai na son ruwa, wutsiya na son maiƙo.
Biyun da ba sa ga maciji,
ita ke riƙe hannun wannan, ta riƙe na wancan,
har su bi magudana tare.
Ina tuna wannan duk ranar da Ngo Kaneng ta zo sari,
ta ƙirga sanda sittin, ta ɗora a keke,
ta kai unguwannin da mu ba ma kai yamma a cikinsu.
Can ma da shi suke wanke wa 'ya'yansu wuya.

Manyan masana'antu na saye da tanka,
su raba 'yan'uwan nan gida-gida:
wani ya tafi sabulun gashi, wani man goge baki,
wani ya kwanta a tsakiyar biskit.
Mu tamu masana'antar baho uku ce da inuwar gwaiba.

A Taminus mai lasifika na rantsuwa
wai cokali uku na kashe cuta arba'in.
Baba Ɗantala ya saya, ya sha, ya ƙara,
sai da likita ya duba jininsa ya girgiza kai:
"Abin da ya daskare a kwalba, Malam,
kada ka mai da jijiyarka kwalba."
Yanzu ɗan kaɗan ake ɗiga masa a shinkafa, don ƙamshi.
Zuma ma da zaƙi da harbi.

Jiya na gano har a nonon uwa akwai lorik.
Na dubi yayata tana shayar da Ummita,
ban ce komai ba.

Gobe jarrabawa.
Takardata ta yi tabon mai a gefe,
inda haske ke ratsawa.
Inna ta rufe baho da tsohon bargo,
ta ce sabulu ma yana son barcinsa.
A kan taga sauran man ya fara fari daga ƙasa,
sahu na sake haɗuwa.