Farautar Wanda Ba Ya Gudu

Da hantsi, a wata jami'a a Venice,
Orsola na ɗiga alli a kan allo,
tana haɗa ɗigo da ɗigo kamar saƙar gizo-gizo.
"Ga ɗan sanda nan, ga ɓarawo can.
Kai taku ɗaya, shi taku ɗaya."

"To, in ɓarawon ya sha ya yi tatul fa?
Ba dabara, ba niyya,
kowace mararraba sai ya jefa ƙuri'a,
inda ta faɗi, nan ƙafa za ta bi."
Aji ya kwashe da dariya. Ban da ita.

Da almuru ta tarar da ƙofa a buɗe.
Hular Alvise na rataye, takalmansa babu.
Shekara hamsin yana sassaƙa kwalekwale,
yau ko sunan unguwarsu ya tsiyaye masa
kamar ruwa a kwando.

Garin duk gada ne da lungu,
ruwa na lasar gindin gidaje.
Mai kifi ya ce yanzun nan ya wuce.
A bayan coci wani ya ce hagu ya yi,
wata tsohuwa ta rantse dama ya bi.
Kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Mai wayo ana shan gabansa,
don tsoro yana da alƙibla.
Amma wa zai tari gaban
wanda shi kansa bai san inda ya dosa ba?

Sai maganarta ta hantsi ta dawo mata:
mai tafiya bisa ƙuri'a
ya fi ratsawa inda hanyoyi suka fi taruwa.
Ta daina gudu.
Ta zauna a bakin tsohuwar rijiya,
a dandalin da lunguna bakwai ke zubowa,
gwiwoyinta na kaɗawa.
Lissafi ya ce zai zo.
Bai yi alkawarin yaushe ba.

Ƙararrawa ta buga tara. Ta buga goma.
Sai ga shi ta lungu na huɗu,
wando sharkaf, riƙe da lemo guda.
Ya dube ta da ladabin baƙo:
"Baiwar Allah, ko kin ga wata 'yar yarinya?
Tun ɗazu nake nemanta.
Orsola sunanta."

Ta kama hannun nan mai kanta,
mai ƙamshin katako har yau.
"Na san gidansu," ta ce.
"Zo in raka ka."