Shukar da Ba Ta Tsiro

A bayan gidanmu na Mazoji, nan Daura,
inda Inna ta saba shuka yakuwa,
na ja kunya, na yi tawa shukar.
Ba gero, ba kuɓewa.

Kwabo mai huji na binne, zurfin taƙi guda.
Sisi, yatsa huɗu.
Sule na kai shi can ƙasa, kamu cur, don mugunta.
Zoben azurfa da na aro gun Ɗayyabu maƙeri,
ƙusa mai tsatsa, marfin kwalba,
da gwangwanin tumatir don ruɗi.
Kowanne da turkensa, kowane turke da lamba,
lambar tana cikin littafin awo.

Sallau ya leƙo ta kan katanga:
"Malam Tanimu, yaushe ne girbi?
In kwabon ya yi 'ya'ya, a tuna da zakka."
Na ce bari damina ta wuce tukuna,
ƙasa ta kwanta, ta manta da hannuna.
Sabon rami maƙaryaci ne,
kowace na'ura abin da take so yake faɗa mata.

Ruwa ya zo, ruwa ya ɗauke.
Tafasa ta rufe turakun, na nome.

Na'urorin biyu ne.
Ɗaya ta Barau ce, ɗan ƙanena,
sabuwa fil, da gilashi mai nuna lamba,
kuɗinta zai sayi ɗan maraƙi.
Tawa gwanjo ce daga kasuwar Mai'aduwa,
na ɗaure wuyanta da robar taya,
kukanta na ɗan akuyar da aka yaye jiya.

Asabar, bayan la'asar, muka sa su a layi.
Ta Barau ta bi turaku kamar mai duba jarrabawa.
Kwabo, ta kira shi. Sisi, ta faɗi zurfinsa,
ba ta kuskure ko da faɗin farce ba.
Ta jiyo sule daga can ƙasa.
Ta zo kan ƙusa ta kau da kai
kamar wanda ya hango mai binsa bashi.
Tawa kuwa kowa danginta ne:
ta gaida marfi, ta gaida gwangwani,
ta tsaya dogon zance da ƙusa,
a kan sule ta yi gum, zurfi ya fi ƙarfinta.
Barau na rubutu, dariya na girgiza biron.

Sai can gindin zogale,
inda ban kafa turke ba,
inda littafi bai san da komai ba,
ta ɓarke da kuka.

Barau ya kawo tasa. Shiru.
"Baƙin ƙarfe ne, Baffa, tarkace.
An koya mata kada ta kula irinsu."
Na ce miƙo fartanya.

Makulli ne. Ɗan ƙarami,
da zoben wayar da ni na murɗa masa.
Makullin akwatin Inna.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan
da ta rantse a hannuna ta sa shi,
na rantse ban karɓa ba,
tsumagiyar darbejiya ta raba gardama.
Da guduma aka fasa kwaɗon.
Ashe nan yake, inda take durƙusawa cirar yakuwa,
daga bakin zanenta ya sulale.

Ga shaida ta fito, mai shari'a ta riga ta tafi.
Na tofa masa yawu, na goge da bakin riga,
tsatsar ta ƙi.
Na tuna ranar ma da dare
ta ƙara mini nama a miya, ba ta ce komai ba.

"Baffa, a wace lamba zan sa shi?"
Na ce bar masa shafinsa daban.

Sallau ya sake leƙowa: "An yi girbin?"
Na ɗaga masa makullin.
"Shi ke nan duka?"
Na ce wannan ɗin ma ba ni na shuka ba.